Shayin Ingila, Burodin Faransa, Alkamar Kanada

A unguwannin masana'antu na Kano, watau Bompai da Sharaɗa da Challawa, hayaƙin mai shayi ya kan riga na inji tashi. Ma'aikata su kan zauna kan benci a bakin ƙofar kamfani, kowa da kofi da yankin burodi a hannu. Wannan kalaci baƙo ne, daga Turawa muka same shi. Mu kan ce "Bature" kamar duk uwa ɗaya uba ɗaya su ke, amma tsofaffin kuku-kuku da suka yi aiki a gidajensu sun san kowa da irin tukunyarsa.

Mutanen Ingila suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Bompai, babbar yayar sauran biyun, tun zamaninsu aka kafa ta. Su ne masu shayi da madara. Ko cikin tsananin bazara, in ƙarfe huɗu ta yi sai an ɗora buta. Abincinsu kuwa, kabeji da dankali dafaffu cikin ruwa, ba yaji ba daddawa. A gidajenmu marar lafiya a ke ba irin wannan. In kun gaisa ba zai tambayi iyali ba, sai ya shiga zancen zafi ko hazo.

Faransawa sun zo da kantunan CFAO da SCOA. Su abinci ba wasa ba ne, gama sa'a biyu ba ta yi masu yawa a kan na rana. Su kan ci dodon koɗi da cinyar kwaɗo da cuku mai funfuna, wai daɗinsa ke nan. Mu yi ta dariya, su kuma su ga yaranmu da ƙullin soyayyar fara su kau da kai. Burodinsu dogo ne kamar sanda, bayansa da tauri. Bai zauna a Kano sosai ba, amma in kun ƙetare iyaka ta Jibiya kuka shiga Maraɗi, ga shi nan a tebur kowace safiya.

Mutanen Kanada ba su da yawa cikin ciniki. Yawancinsu ta hanyar mishan ɗin SIM suka zo, wadda aka fara a 1893, waɗansu kuma malaman makaranta ne na ƙungiyar CUSO. Ƙasarsu Turanci da Faransanci duka ta ke yi, saboda haka sun ɗauko nan sun ɗauko can. Su kan ci abincin dare tun ƙarfe shida. Baƙon da ya zo da takwas sai ya tarar an wanke kwanuka. Zaƙinsu daga jikin itace ya ke fitowa, itacen nan mai ganyen da ke kan tutarsu: a tsaga shi a tari ruwan, a dafa wajen lita 40 kafin a sami lita ɗaya mai kauri, kusan yadda a ke yin mazarƙwaila. Abu ɗaya ya haɗa mu da su, su kan tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ko da ya ke su don ƙanƙara ne.

Ƙasar tasu tana cikin manyan masu sayar wa Nijeriya alkama, nan ne kuwa zancen ya taɓa aljihun maigida. A 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama, aka ƙarfafa nomanta a Kadawa da ruwan madatsar Tiga. Ba ta isa ba, aka janye dokar a 1992. Yau masaƙu da yawa a Sharaɗa da Bompai sun rufe, rashin wutar lantarki na cikin dalilai, majemu na Challawa dai waɗansu suna aiki. Ma'aikacin da ya rage, in dala ta hau sai burodinsa ya ƙanƙance. Waɗansu su kan koma kan koko da ƙosai, ko gurasar Jakara da ƙuli-ƙuli, wadda Kanawa suka daɗe suna gasawa a tanderu.