Ɗaure Raƙuminka: Darasin Da Kujerar Keke Ta Koya Mini



Wata ranar Laraba na ɗauki ɗiyata mai shekara uku a kariyar kekena, muka nufi kasuwar Makarfi. Kamar kullum, zani na naɗe mata ta zauna a kai, na ce ta riƙe rigata. Muna wucewa ta gonakin rake sai na ji ƙara, keken ya cije. Barci ne ya sace ta, ƙafarta ta zame cikin wayoyin tayar baya. Takalmin ya yage, diddigenta ya saɓule. Allah ya taƙaita, ƙashi bai karye ba.

Dattijon da ya miƙe mini wayoyin ya dubi madubi biyu da ƙararrawar da na ƙawata keken da su, ya ce: "Ɗana, ka yi wa ƙarfe ado, ka bar amanar Allah a kan zani." Kunya ta rufe ni.

Daga nan na shiga neman kujera. Irin waɗanda ake ƙerawa a Turai, na baya, an yi su ne don yaro mai nauyin kilo 9 zuwa 22, wanda ya iya zama da kansa. Kuɗinsu ya fi ƙarfina, amma hikimarsu ba ta fi ƙarfina ba: majingina, ɗamarar da za ta riƙe yaro ko ya yi barci, matakin ƙafa, da shinge tsakanin ƙafa da taya. Na kai wa wani mai walda a Ikara wannan bayani, ya haɗa mini, na sa soso a mazaunin. Kafin in ɗora ta, sai da na gwada da buhun masara na tabbatar kariyar ba ta lanƙwasa.

Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi da ya haɗa biyun. Na san wannan hadisi tun ina Islamiyya, amma sai da na ga jinin ɗiyata na fahimce shi. Ashe abin da nake kira tawakkali sakaci ne kawai.

Jiya mun je Hunkuyi gaida kakarta. Ta yi barci a hanya, ɗamara na riƙe da ita. Ɗan'uwa, kafin ka ɗora ƙaninka ko ɗanka gobe, dubi inda ƙafarsa take.

Allah ya tsare mana zuri'armu. Wassalam.