Takardar da Malam Ya Raba Mana

A makon ƙarshe na zangon karatu, malaminmu na darasin fim ya raba mana takarda, ya ce kowa ya rubuta ra'ayinsa game da koyarwarsa, kada ya sa suna. Na leƙa ta maƙwabcina, na ga ya rubuta cewa tarihi ya yi yawa, mu riƙon kyamara muka zo koyo. Ni ma da farkon zango haka nake gani.

Dalili kuwa, kafin Malam ya nuna mana Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai da ya kwashe mako biyu yana ta bayanin harin bayi da fataucin Sahara, da yadda ayari ke tashi daga Kano ya bi ta Murzuk har Tarabulus. Ya ce Turawa sun hana cinikin bayi a Arewa tun 1901, amma bautar kanta ba a soke ta ɗungum ba sai 1936. Muna ta hamma, wasu ma barci suka yi abinsu.

Ran da aka nuna fim ɗin, da aka zo inda uwar Umar ta fita neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu bayi, sai 1936 ɗin nan ta faɗo mini a rai. Kakata ta wajen uwa kafin shekarar aka haife ta. A gidanmu kuwa akwai wata tsohuwa da muke kira Baba, wadda tun muna yara aka hana mu tambayar garinsu. Da na je hutun tsakiyar zango na tambayi mahaifiyata. Ta yi shiru, can ta ce, "Uwarta sayo ta aka yi. Kada ka kuskura ka ɗaga maganar nan a gabanta."

To, ga takarda a gabana, me zan rubuta? Na dai ce kada a rage tarihin ko kaɗan, sai dai a fara nuna fim tukuna, sa'an nan bayani ya biyo baya, don sai mutum ya ga abu da idonsa yake ƙishin tambaya. Zancen Baba kuwa ban sa shi ba, ko da yake babu suna a takardar.