Makka: Ranar Da Ƙugiya Ta Faɗo A Harami

Matafiyin da ya taso daga Jidda ya nufi Makka, tun bai shiga gari ba zai hango dogon benen agogo wanda tsayinsa ya kai mita 601, yana leƙen Ka'aba ta bisa duwatsu. A shekarar 2015 kuwa ba shi kaɗai ake hangowa ba. Ƙugiyoyin gini ne birjik suka kewaye Masallacin Harami, kowace ta miƙa hannu sama, saboda aikin faɗaɗa masallacin da marigayi Sarki Abdallah ya ƙaddamar a 2011.

Shi wannan aiki ya bambanta da sauran gine-gine. A ko'ina in za a yi babban gini sai a kewaye wurin, a hana jama'a shiga. Harami kuwa ba a rufe shi, dare da rana ba a fasa ɗawafi, ba a fasa sa'ayi tsakanin Safa da Marwa. Watau magina suna aiki a sama, dubban bayin Allah suna ibada a ƙarƙashinsu. Ga shi kuma garin a cikin kwari yake, duwatsu sun yi masa zobe. Ruwan sama bai cika zuwa ba, amma in ya zo sai ya zo da ƙarfi. A 1941 har sai da ambaliya ta cika filin ɗawafi, wasu suka zagaya Ɗakin da iyo.

Ran Jumma'a 11 ga watan Satumba, 2015, saura kwana goma sha ɗaya a fara aikin Hajji, da la'asar sakaliya hadari ya taso da iska mai tsanani da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Daga gabashin masallacin akwai wata ƙatuwar ƙugiya ƙirar kamfanin Liebherr na Jamus, irin wadda ke iya ɗaga kaya har tan 1,350. Ba aiki ake yi da ita ba a lokacin, tana ajiye ne, hannunta a miƙe tsaye. Iska ta tunkuɗe ta, ta rikito a kan rufin wajen sa'ayi, ƙarfe da kankare suka zubo a kan masu ibada. Mutum fiye da 100 suka rasu, a cikinsu har da alhazan Nijeriya shida, ɗaruruwa kuma suka ji rauni. Allah ya jiƙansu da rahama.

Cikin 'yan kwanaki kwamitin bincike ya miƙa wa Sarki Salman rahotonsa. Kwamitin bai musa ƙarfin iskar ba, amma ya ce ta tarar da ƙugiyar a tsayuwar da ta saɓa wa littafin ƙa'idojin da kamfanin ya rubuta, domin ƙa'ida ita ce a kwantar da hannun in an tashi daga aiki ko kuma in ana jiran iska. Ya kuma ambaci sakacin jami'an kiyaye haɗari na aikin wajen bibiyar gargaɗin hukumar hasashen yanayi. Sarki ya dakatar da kamfanin Binladin, mai kwangilar, daga karɓar sababbin ayyukan gwamnati, ya kuma ba da umurnin a biya riyal miliyan 1 ga iyalan kowane mamaci da duk wanda ya naƙasa, da riyal 500,000 ga kowane mai rauni.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi aikin wannan ma'aikaci da ake kira jami'in kiyaye haɗari. Da yawa sun ɗauka aikinsa bai wuce ya zagaya yana duba wanda bai sa hular kwano ba. Alhali ainihin aikinsa tun kafin a kafa tubali yake farawa: ya zauna ya lissafa abin da zai iya kashe mutum a wurin, ya rubuta yadda za a kauce masa, ya faɗi wanda alhakin kowane mataki ke wuyansa. In akwai ƙugiya, lalle ne ya san nauyin da take ɗauka, da ƙarfin ƙasar da ta tsaya a kai, da iyakar iskar da za ta iya jurewa tana aiki da wadda za ta jure tana ajiye. Lalle ne ya duba hasashen yanayi kullum safiya, ya kuma san tsawon lokacin da kwantar da irin wannan hannu ke ci, domin ba a fara fafe gora ranar tafiya.

Sani kaɗai kuma bai isa ba. Jami'in da ya ga haɗari amma ba shi da ikon cewa a tsaya, ko kuwa yana tsoron ɗan kwangilar da ke biyansa albashi, sunansa kawai ke cikin takarda. Wanda kuma aka ba iko ba tare da horo ba, bai san abin da zai hana ba. Sai an haɗa biyun.

Shari'ar ta daɗe. A 2017 kotu ta wanke mutum 13 da aka gurfanar, a 2020 ta sake wanke su, har sai da Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 2022. A watan Fabrairu na 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta Makka ta sami kamfanin da laifin sakaci da karya ƙa'idojin kiyaye haɗari, ta ci shi tarar riyal miliyan 20. Shekara bakwai da 'yan watanni ke nan ana jayayya a kan tambaya ɗaya: iska ce ta yi kisan, ko kuwa waɗanda suka bar mata hannun a tsaye?

Cikin alhazanmu da ke zuwa Makka kowace shekara akwai 'yan kwangila da injiniyoyi da masu gidajen bene a Abuja, Legas, Kano da Fatakwal. Ya kyautu duk wanda ya bi tsakanin Safa da Marwa ya tuna da wannan yammaci, in ya dawo gida kuma ya tambayi kansa: wa ke duba lafiyar leburorin da ke hawa gininsa, me ya karanta, kuma in ya ce a dakata, za a dakata? Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke wa kowa alhakin abin da aka ba shi amana.