Zangon Shayi a Hamadar Nebada

Kowace shekara, a ƙarshen watan Agusta, wani gari yakan tsiro a tsakiyar hamadar Black Rock da ke jihar Nebada ta ƙasar Amurka, kimanin kilomita 160 arewa da birnin Rino. Mutum dubu 70 ko fiye sukan zauna cikinsa mako guda da ƴan kwanaki, sa'an nan su kwashe shi kaf, har a rasa gane inda aka kafa turke. Sunan taron Burning Man, saboda wani ƙaton mutum-mutumin katako da ake banka wa wuta a daren Asabar ta ƙarshe. Asalinsa ƙaramin abu ne. A 1986 Larry Harvey da abokinsa Jerry James suka ƙona wani mutum-mutumi a bakin teku a San Faransisko, gaban ƴan kallo kaɗan, a 1990 kuma aka ƙaura da bikin zuwa hamada. Masu ba da labarinsa sun fi son zancen kaɗe-kaɗe da wuta da manyan gine-ginen fasaha. Ni kuwa abin da nake so in kawo wa mai karatu shi ne labarin zango, wato rukunin mutanen da ke haɗa kai su kafa masauki ɗaya, su ci daga tukunya ɗaya, su kuma ɗauki alkawarin ba sauran jama'ar garin wani abu kyauta.

An shata garin kamar rabin faifai, mutum-mutumin yana tsakiya. Titunan da suka miƙe daga tsakiya an ba su sunayen sa'o'in agogo, daga ƙarfe 2 zuwa ƙarfe 10, waɗanda suka kewaya kuma suna bin haruffa. Masu shirya bikin suna shata hanyoyi, su kafa bayan gida, su tanadi likitoci. Amma ba su ne ke gayyato makaɗa ko su dafa wa kowa abinci ba. Zanguna ne ke raya garin, kuma sun haura dubu. Wani zango gyaran keke yake yi, wani koyar da rawa, wani toya waina da asuba. Tun watanni kafin biki kowane rukuni yake rubuta wa masu rabon fili abin da zai ba jama'a, da yawan mutanensa, da yadda zai kwashe shararsa, sa'an nan a yanka masa wuri.

Shekarar 2023 ta same ni a Kalifoniya wajen wani aikin koyarwa. Akwai wani abokina Ba'amurke da ya taɓa zama shekara biyu a wani ƙauye na jihar Maradi, cikin ƴan sa-kai na Peace Corps, kafin ƙungiyar ta bar Nijar a 2011. Ya koma gida da Hausa a bakinsa da kuma son shayin fada a ransa, har ya sa zangonsu ya ɗauki shayi a matsayin kyautarsa: na fari mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi, kamar yadda samarinmu ke yi a ƙofar gida. Shi ya gayyace ni. Ya ce: "Malam, in ka zo ba za mu karɓe ka a matsayin baƙo ba. Baƙo a kan shimfiɗa masa tabarma, kai kuwa guduma za mu miƙa maka."

Sharuɗɗan shiga a fili suke. Kowa zai biya kuɗin zango, da su ake hayar kamiyo, a sayi abinci da gas da rumfuna. Kowa zai halarci taron shiri ta intanet. Kowa zai rubuta sunansa a jadawalin aiki: girki, wanke-wanke, sayo ƙanƙara, zuba shayi, tsintar shara. Kowa kuma zai zaɓi ɗaya, ko ya riga jama'a zuwa don kafa zango, ko ya tsaya bayansu don rushe shi. Tikitin shiga bikin kansa dalar Amurka 575 ne a waccan shekara, abin da ya haura jika 300 na kuɗinmu na sefa, ban da kuɗin mota da na guzuri. A cikin garin ba ciniki; ƙanƙara kaɗai ake sayarwa. Ruwan sha ma kowa da nasa yake zuwa, ana lissafin kusan lita 6 ga mutum ɗaya a yini, don haka rabin kamiyonmu bido-bido ne na ruwa.

Wanda ya san Tenere zai zaci ya san wannan hamada, alhali ba su yi kama ba. Nan ba rairayi, ba tudu, ba ko tsiron ciyawa. Gindin wani tsohon tafki ne mai suna Lahontan da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, ya bar fili shimfiɗaɗɗe kamar an daɓe shi. Ƙurarsa laushi gare ta kamar garin alkama, tana da kaifi irin na kanwa; takan tsattsaga ƙafa da leɓe, shi ya sa mutane ke wanke ƙafafunsu da ruwan da aka ɗiga wa ruwan tsami. Da rana zafi, da dare sanyi mai shiga ƙashi, iska kuma in ta taso sai ka kasa ganin wanda ke gabanka da taku uku. Kwana biyu muka yi muna kafa rumfuna, muna dasa dogayen ƙusoshi a ƙasa don kada guguwa ta yi gaba da su. A cikin waɗannan kwana biyu na haddace sunayen mutanen zangon, domin wanda ya riƙe maka ƙarfe kana ɗaurewa ba ka mance sunansa.

Da aka buɗe ƙofar gari, rumfarmu ta koma fada. Daga la'asar zuwa faɗuwar rana muna zuba shayi ga duk wanda ya tsaya, da kofinsa a hannu, domin a can kowa da kofinsa yake yawo. Mutanen da suka saba da abin sha na gaggawa sai ga su zaune sa'a guda suna jiran na uku, suna hira da wanda ba su taɓa gani ba. Wata dattijuwa ta ce mini ta shekara ashirin a unguwarsu ba ta zauna da maƙwabcinta tsawon haka ba. Cikin ƙa'idoji goma da Harvey ya rubuta a 2004 akwai ta kyauta, wadda ba a jiran a rama ta. Sababbin zuwa sukan laluba jaka su nemi abin da za su ba mu a madadin shayi, mu kuwa mu ce su bar shi, su kai kyautarsu gaba.

Bayan rumfar shayi akwai wani wuri da baƙi ba su gani, inda tukwane da buhunan shara suke. Ruwan wanke-wanke ba a zubar da shi ƙasa. A ganga ake tara shi a fita da shi daga hamada. Ganyen shayin da aka gama da shi ma sai an ƙulle a leda. A nan na ga wani babban lauya durƙushe yana kankare ƙanzo, wata ɗaliba tana tsaye kansa tana nuna masa inda ya bari, domin ita ce shugabar girki a ranar. Ba wanda ya ga abin mamaki a ciki. Jadawalin nan da aka manna a jikin kamiyo shi ne sarkin zango, kuma darajar mutum tana ga ko ya zo kan aikinsa a kan lokaci.

Akwai abubuwa da yawa a wannan gari da ba su dace da tarbiyyarmu ba: giya a ko'ina, shigar da ba ta rufe jiki, kiɗa har wayewar gari. Na kauce wa abin da zan iya kauce wa, mutanen zangon kuma suka kiyaye mini nawa. Sun keɓe tukunyar da naman alade bai taɓa ba, suka gyara jadawali don kada aikina ya faɗa kan lokacin salla, ba tare da dogon bayani ba.

Sai dai kyautar nan tana tsaye ne a kan kuɗi masu yawa da aka kashe tun kafin a iso. Talaka ba ya zuwa wannan gari, baƙar fata kuma kaɗan ne a cikinsa. Hanyar shiga tana ratsa ƙasar ƴan ƙabilar Paiute, waɗanda kakanninsu ke zaune a yankin tun kafin zuwan Turawa, ayarin motoci yana wuce ƙauyukansu dare da rana. Akwai kuma zangunan attajirai da ke hayar ma'aikata su kafa musu komai, su dafa, su share, su kuwa su sauko daga jirgi su tarar da gado a shimfiɗe. Maganarsu ta tayar da ƙura sosai a 2014, har masu shirya bikin suka ƙara tsaurara sharuɗɗan ba da fili. Dalilin fushin a bayyane yake: wanda ya sayi wurinsa da kuɗi ya bar wani yana wanke masa tukunya ya shigo da abin da aka ce an baro a bakin ƙofa.

Ranar Juma'a 1 ga Satumba, 2023, aka yi ruwa. Bai wuce milimita 20 ba, abin da manomin Maradi zai kira ruwan shuka, amma ƙasar tafkin ba ta shanye ruwa. Ƙura ta zama laka mai danƙo, tana manne wa takalmi har ya yi nauyin tubali. Aka rufe ƙofar gari, aka hana motoci motsi, aka sanar da mutum wajen dubu 70 su yi tattalin ruwa da abinci. Motocin kwashe bayan gida ma suka kasa shigowa. A daren muka taru ƙarƙashin rumfa, shugabar zango ta ƙirga bido da buhuna, ta raba su bisa kwanaki, ta ware kason maƙwabta. Kusa da mu akwai wasu samari biyu da suka zo su kaɗai da ƙaramin tanti, ruwa ya cika shi. Muka ba su wuri cikin kamiyo, da safe suka nemi a sa sunansu a jadawali. Murhun shayi bai mutu ba ko sau ɗaya, domin mai rawar sanyi ya fi kowa bukatarsa. Wasu mutane sun taka da ƙafa kilomitoci cikin laka zuwa kwalta, wasu sun tilasta wa motocinsu suka kafe a hanya. Sai ranar Litinin 4 ga wata aka buɗe hanya, a daren ne kuma aka ƙona mutum-mutumin, kwana biyu bayan lokacinsa.

Aikin ƙarshe shi ne shara. Filin na gwamnatin tarayya ne, kuma hukumar da ke kula da shi takan zo ta duba bayan biki: duk tarkacen da za a tsinta a eka guda kada ya rufe wurin da ya wuce faɗin faifai. In aka faɗi wannan jarrabawa, izinin baɗi yana cikin haɗari. Masu shirya bikin kuma sukan fitar da taswira mai launin kore da rawaya da ja, wadda ke nuna yadda kowane zango ya bar wurinsa, kuma ana duba ta wajen rabon fili na gaba. Muka jera kafaɗa da kafaɗa muna tafiya a hankali, muna tsintar zare da ƙusa da ɓawon gyaɗa, muna tono abin da laka ta haɗiye.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba mu bukatar zuwa Nebada kafin mu san haka. Muna da gayya, iyayenmu sun yi samariya, ƴaƴanmu suna da fada. Abin da na ga ya fi namu a can shi ne rubuta aikin da ba a so, da raba shi kan kowa ba tare da duban girma ba, da kuma auna shi bayan an watse. A bukukuwan al'adunmu na lakkwal da na unguwa mukan daɗe muna muhawara kan wanda zai yi jawabi da wanda zai zauna kujerar gaba, washegari kuma a bar fili da leda ga mata da yara da mai gadi. Ƙungiyar da ke shirin bikinta na gaba tana iya gwada wannan: tun taron farko a buɗe takarda ta biyu kusa da ta masu jawabi, a rubuta masu ɗebo ruwa da masu wanke tukwane da masu shara, shugaban ƙungiya kuma ya fara sa sunansa.