Tsani, bango da aljihu

Da yawa daga cikinmu mun haddace SOHCAHTOA a makarantar sakandare kamar waƙa, saboda jarrabawar WAEC da NECO. Da aka gama jarrabawa, waƙar ta tafi. Amma abin da take ɗauke da shi yana nan a hannun kowane magini.

Mu ɗauki tsani mai tsawon mita 6 da aka jingina da bango. Bango da ƙasa sun haɗu a kusurwa mai digiri 90, tsanin kuma shi ne gefe mafi tsawo na alwatikar. A ce kusurwar da ke tsakanin tsani da ƙasa digiri 60 ce. Ina kan tsanin zai kai a jikin bango? Sayin shi ne gefen da ke fuskantar kusurwa a raba shi da gefe mafi tsawo. Sayin na digiri 60 kusan 0.866 ne, don haka 6 sau 0.866 ya ba mu mita 5.2. Tazarar gindin tsani daga bango kuwa aikin kosayin ne: 6 sau 0.5, wato mita 3.

Tanjan ma haka. Idan muka tsaya mita 20 daga gindin kuka, muka hangi ƙololuwarta a kusurwar digiri 45, tanjan ɗin 1 ne cif. Tsayin kukar mita 20 ke nan, sai a ƙara tsayinmu daga ƙasa zuwa ido. Ba hawa, ba faɗuwa.

Me ya kawo wannan cikin zancen rubutu? Kalmar sayin kanta matafiyiya ce. Masanan Indiya suna ce mata jiya, Larabawa suka aro ta, aka riƙa karanta ta jaib, masu fassara zuwa Latin suka ce sinus. Daga jaib ɗin nan ne muka samu kalmarmu aljihu. Kowace al'umma da ilimin ya ratsa sai da ta faɗe shi da bakinta.

Yaranmu suna fama da lissafi da Turanci lokaci guda, da yawansu kuma Turancin ne ke kayar da su kafin su kai ga lissafin. Muna rubuta soyayya da siyasa da Hausa mai daɗi. A wannan makon, kowannenmu ya gwada bayyana darasi ɗaya na lissafi yadda ƙanensa zai gane. Allah ya yi mana jagora.