Inda Sandar Fatsa Ke Lanƙwasa

A Kogin Test na Ingila, masunci kan ɗaura 'yan gashin tsuntsu a ƙugiya su yi kama da ƙuda. Wannan koto ba shi da nauyin da zai kai shi tsakiyar ruwa, don haka igiyar ce aka yi wa nauyi. Sandar da za ta jefa ta, wadda galibi tsawonta ƙafa 9 ne, tana sirancewa sannu a hankali daga gindi har tsini, ta lanƙwasa har tsakiyarta, ta ɗauki nauyin igiyar a iska kafin ta sake ta.

Sandar jifa da koton ƙarfe ko na roba ba ta da wannan ɗawainiya. Koton ne ke jan zare, kuma zaren siriri ne. Shi ya sa yawancinta kan fi gajarta, gindi a ƙage, sirancin ya taru wajen tsini, inda hannu ke jin taɓin kifi nan take.

Mai saye da ya dubi tsawo da farashi kawai, ya ɗaura ƙudan gashi a irin wannan sanda, zai yini yana wurgi, koton na faɗuwa a gaban ƙafarsa.