Gadon Kyamara A Unguwar Majidaɗi

Baƙon da ya sauka Jalingo ba zai daɗe ba sai ya lura cewa unguwanninta da dama sunan sarauta suke ɗauke da shi, kamar su Turaki, da Barade, da Sarkin Dawaki, da kuma Majidaɗi. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, gama Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa garin cikin 1893. Garin ya zauna cikin Lardin Adamawa, ya shiga Jihar Arewa maso Gabas cikin 1967, sa'an nan Jihar Gongola cikin 1976, kafin ya zama hedkwatar Jihar Taraba ran 27 ga Agusta, 1991.

To, a wani gida cikin Majidaɗi akwai wani magidanci wanda ya gaji abin da ba a cika jin an gada ba, watau kyamara ƙirar Yashica da adaka cike da dodon hoto. Mahaifinsa ma'aikacin En'e ne, bai taɓa karɓar ko kwabo don ɗaukar hoto ba. Sha'awa ce kurum. Ran Salla ya rataya kyamara ya bi mahaya, ran kasuwa ya tsaya gefe, da damina ya gangara bakin Mayo Gwoi, yaron nan kuwa yana biye da shi.

Irin wannan kyamara hoto 12 kaɗai take ɗauka a fim guda, saboda haka ba a latsa ta da garaje. Sai an auna haske, an daidaita nisa, an jira mutum ya natsu. Da dare a toshe taga da bargo, a wanke fim cikin duhu ƙirin, sa'an nan a kunna jar fitila a tsoma takarda cikin ruwan magani, har fuska ta fito sannu a hankali. A nan ne yaron ya koyi cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Zamani ya juya. Kamfanin Kodak, wanda a cikinsa aka ƙera kyamarar dijital ta farko cikin 1975, ya daina yin fim ɗin Kodachrome cikin 2009, ya kuma bayyana karyewarsa cikin 2012. Yau wayar hannu ta wadaci kowa. Duk da haka Kodak da Ilford suna yin fim har yanzu, magidancin nan kuwa yakan yi saƙonsa daga nesa, ko da yake da tsada.

Abin da ke damunsa shi ne adakar. Zafi da laimar damina suna sa fim ya yi fumfuna, gara kuma ba ta barin takarda. A ciki akwai Jalingo ta kafin 1991, da hanyoyin ƙasa, da fuskokin dattawan da suka riga mu gidan gaskiya. In suka lalace, babu inda za a sake samunsu.

Saboda haka duk mai irin wannan ajiya ya kamata ya sa kowane dodon hoto cikin ambulan, ya rubuta suna da shekara tun masu shaida mutanen suna raye, ya ajiye a busasshen wuri, ya kuma sa a kwafe su cikin kwamfuta. Shi dai magidancin ya soma, 'yarsa ce ma ke riƙe masa alƙalami. Allah Ya sa gadon ya ɗore, amin.